Sau Bakwai Zan Tsallake Kifi

Ku gafarce ni, kwana biyu na yi shiru. Masu turo mini saƙo wai ko Dursaf ta samu miji ta manta da mu, ku kwantar da hankalinku, ban manta ba. Kunya ce ta riƙe mini hannu. Yau na ce ko me za ku ce sai na faɗa, don abin ya cika mini ciki.

Ga wadda yau ta fara shigowa, ni ce Dursaf, shekarata ashirin da bakwai, haifaffiyar birnin Safakis, gidanmu na kan hanyar Taniyur. Aurena na fari ya mutu ya bar mini 'ya ɗaya, Ilaf. Ni da mahaifiyata, Ummi, alawar biki muke yi a gida, masu aure da masu suna su zo su saya. A nan Gassan ya gan ni. Saurayi ne da bai taɓa aure ba, shi ke riƙe da matsar man zaitun ta gidansu. Ya zo sayen alawar bikin ƙanwarsa, ya tafi da alawa ya dawo neman mai alawa. An sa rana, ƙarshen watan Agusta.

Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne wannan. Ilaf kilo huɗu da rabi ta zo duniya, bayan na kwana na yini ina naƙuda. Tun daga ranar marata ta daina jin maganata. In na yi atishawa, fitsari ya kufce. In na yi tari, ya kufce. In na ɗago faranti mai nauyi daga tanda, ko na yi dariyar da ta kai ciki, ya kufce. Ba mai yawa ba ne, amma ya isa ya ɓata mini alwala da wando da yini guda. Shekara biyu da rabi ban rabu da audugar mata ba, kayan sawata duk sun koma baƙaƙe, kuma duk gidan da na shiga banɗaki nake fara nema da ido kafin in gaida masu gida. Na koyi murmushi da baki a rufe. Har uwar Gassan, Tata Munjiya, tana yabona a gaban mutane, wai yarinyar akwai kamun kai. Ba ta san abin da nake kamawa ba.

Sai kuma Rihab. 'Yar ƙanwar Ummi ce, tsarata, tare aka yaye mu. Ita ta yi karatu ta zama likitar gashin ƙashi da motsa jiki, tana da ɗakin duba mata a wani bene kusa da ƙofar gari ta Bab Jabli. Ba ta taɓa aure ba, ba ta san zafin naƙuda ba, cikinta a shafe, fararen kaya take sawa ranar da ta ga dama. Gidansu katanga ɗaya da gidan su Gassan, kuma duk unguwa an san ita Tata Munjiya ta so wa ɗanta. Shi ne ya ce ni yake so. Na ɗauka daga nan hankalina zai kwanta, amma wallahi bai kwanta ba ko na yini ɗaya.

Wata Juma'a, saura sati goma sha ɗaya biki, Tata Munjiya ta gayyace mu cin rana. Miyar kifi da gurasar sha'ir, na ci kaɗan, ruwa kuwa ko kurɓa ban yi ba. Ana kwashe kwanuka sai ga Rihab ta shigo ko sallamar kirki babu, kamar gidan ubanta, cikin farin wando da riga ruwan toka, gashi a sake. Ta sumbaci Tata a goshi, Tata ta ce, "Ga 'yata." Ni kuwa "Dursaf" kawai ake ce mini, ba gishiri ba yaji.

Tata ta sa aka ɗauko wani akwatin katako. Ta buɗe, ƙamshin turaren ajiya ya cika falo. Riga ce mai nauyin zaren zinariya, da wando na farin siliki, fari tas, irin wanda ko gumi ya taɓa sai ya nuna.

"Kakar Gassan ta sa, na sa, 'ya'yana mata biyu sun sa," in ji ta. "Ko ɗigon shayi bai taɓa zuba a kai ba. A cikinsa za ki tsallake kifi."

Wace amarya ce a Safakis za ta shiga ɗaki ba a ajiye mata ƙaton kifi a faranti ta tsallake sau bakwai ana guɗa ba? Amma a aurena na fari taku kawai na yi, na ɗaga ƙafa na wuce, yadda yawancin gidaje ke yi.

Ummi ta yi gyaran murya. "Ai Munjiya, tunda yarinyar ta taɓa yi..."

"Ita ta taɓa. Ɗana bai taɓa ba." Tata ta juyo gare ni. "Kuma mu a gidan nan ba ma takun tsofaffi. Ƙafa biyu ake haɗawa a yi tsalle, ango na riƙe da hannu, mata na ƙirgawa."

"Haba Tata, kar ki tsorata ta," in ji Rihab. "Abu ne mai sauƙi. Dursaf, kalli nan."

Ta jefa matashin kujera a tsakar falo, ta cire takalmi, ta haɗa ƙafa. Ɗaya! Biyu! Tata na tafi tana ƙirgawa. Rihab na tsalle tana dariya, dariya ta gaske har da riƙe ciki, cikin farin wando, ba tsoro ba fargaba. Daidai na biyar Gassan ya shigo da farantin kankana, ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya shi ma. Ni na ga idonsa. Kar wata ta ce mini kishi ne ya nuna mini, na gani da idona, kallon da ya yi mata ya fi ƙarfin kallon maƙwabciya.

"Saura ke," in ji Rihab tana haki.

"Ƙafata na ciwo," na ce.

A raina kuwa cewa nake Allah ya sa ki zame ki karya haƙori. Astagfirullah, amma haka na ce.

Muna komawa gida bayan la'asar na shige banɗaki na kulle. Na ajiye silifas a ƙasa a matsayin kifi, na haɗa ƙafa. Tsalle na fari lafiya. Na biyu na ji ɗumi yana bin cinyata. Na zauna a bakin baho na yi kuka har Ummi ta buga ƙofa.

Da na gaya mata, ko mamaki ba ta yi ba.

"Yo wannan ne abin kuka? Duk macen da ta haihu haka take. Ni tun haihuwarki nake fama, kin taɓa jin na faɗa? Ki ninka auduga biyu ranar, shi ke nan."

"A farin silikin kakar mutane? Da tsalle bakwai?"

Sai ta ce, "To ga Rihab nan, an ce aikinta ke nan, matan da suka haihu layi suke yi a wurinta."

"Gara in mutu."

"Dursaf!"

"Ummi, in je in buɗe wa Rihab jikina? In ce mata ga matar da Gassan ya zaɓa ya bar ki, ko fitsarinta ba ta iya riƙewa? Wallahi gara kifin ya tashi ya haɗiye ni."

Kun san halina da taurin kai. Na ɗauki waya na shiga neman magani da kaina. Na ga wata tana cewa a riƙa matsewa ana saki, na ce ai wannan ba sai da likita ba. Duk shigata banɗaki sai in tsayar da fitsari a tsakiya, in saki, in sake tsayarwa. In ina murza alawa in cije baki in ɗauke numfashi in ƙanƙame ciki har fuskata ta yi ja. Ruwa kuwa na yanke shi, a zafin nan na Yuli, sai gahawa ƙaramin kofi in ƙishi ya dame ni. Sati biyar ina wannan wahalar. Abin da na samu shi ne ciwon kai, da zafin fitsari, da zirga-zirgar banɗaki fiye da da. Silifas kuwa har yanzu a tsalle na biyu yake kayar da ni.

A cikin satuttukan nan ne kuma na fara ganin sunanta a wayarsa. Muna zaune a wani shagon shayi a bakin teku, wayar na kan tebur, ta yi haske. Rihab. Ya yi sauri ya kifa ta.

"Wa ke nan?"

"Ba kowa. Maganar aiki ce."

"Yaushe Rihab ta fara sayar da zaitun?"

Kunnuwansa suka yi ja. Gassan bai iya ƙarya ba, shi ya sa in ya yi take fi ciwo. "Baba ne bayansa ke damunsa, nake tambayarta."

Baban da na gani shekaranjiya yana ɗora buhu a mota. Da na koma gida na tura masa: "Allah ya ba Baba lafiya." Ya amsa: "Amin, hasken idona." Na duba, yana kan layi. Na duba Rihab, tana kan layi. Ya sauka, ta sauka. Ku da kuka san wannan ciwon ba sai na yi muku bayani ba. Na bi hotunanta ɗaya bayan ɗaya har na shekara uku baya, ina neman inda ya danna mata so. Na samu guda huɗu, kuma har yau zan iya gaya muku kayan da ta sa a kowanne.

Abin da ya karya ni ranar Talata ya faru. Ina sallar azahar, na yi atishawa a raka'a ta uku, alwala ta tafi. Na sake, na canza kaya, na tayar, tari ya zo. Ilaf na zaune a gefe tana kallona, sai ta tashi ta ɗauko mini kyallenta na goge jiki ta miƙo. Na kalli kalanda, saura sati shida. Na sa baƙar doguwar rigata da ɗankwali ruwan zuma, na shafa jan baki don kar Rihab ta ga na rame, na tari tasi. Ban gaya wa kowa ba, ko Ummi ce mata na yi zan sayo sukari.

Na samu ta sallami mai jiran ƙofa, ita kaɗai ce, tana shirin rufewa. Ɗakin fes, labule shuɗi, gado mai farar takarda, manyan ƙwallaye na roba a kusurwa. Ta ɗago ta gan ni, ba ta yi mamaki ba. Wannan ma ya ba ni haushi.

"Wata ƙawata ce ke da matsala," na fara.

"To ki ce wa ƙawar ta cire takalmi ta hau gado."

Na so in juya. Ƙafata ce ta ƙi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Rihab, ko da tana yi mini ɗaci: ta iya aikinta. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi mini kallon tausayi ba. Ta yi tambayoyi, ta wanke hannu, ta nemi izini kafin ta taɓa ni. Ta ce a ƙasan ƙugu akwai tsoka shimfiɗe kamar ragar kamun kifi, ita ke ɗauke da mara da mahaifa da hanji, nauyin ciki da doguwar naƙuda suka sa tawa ta saki.

"Matse in gani."

Na cije baki na ƙanƙame.

"Subhanallahi. Wa ya koya miki wannan? Ai turawa ƙasa kike yi, kamar mai naƙuda. Sati nawa kina haka?"

"Biyar."

"Kina tsayar da fitsari a banɗaki?"

"E."

"Kin rage shan ruwa?"

Na kau da kai.

"Dursaf, kin fi ƙarfina. Duk abin da ake hana mata kin haɗa kin yi. Daga yau ki bar marar nan ta zubar da abinta har ƙarshe. Ki sha ruwa kamar mutum, ki rage gahawa, zafin fitsarin nan kuma sai an gwada an ba ki magani. Yanzu saki cikin. Saki cinya. Yi numfashi, ba na son mai suma a gadona. To, ki ɗauka kina zaune a falon Tata Munjiya, ga baƙi cike, tusa ta taho."

"Rihab!"

"Riƙe ta. Yawwa! Nan ne wurin. Yanzu ja shi sama, a hankali, kina fitar da numfashi. Ɗaya, biyu, uku. Saki gaba ɗaya. Sakin ma aiki ne, kar ki yi masa rowa."

A karo na huɗu na ji wani abu ya ɗan motsa can ciki, wurin da na ɗauka ya mutu tun ranar haihuwar Ilaf. Hawaye ya gangaro mini har cikin kunne. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ce sau goma a jere, sau uku a yini, a kwance tukuna, daga baya a zaune, daga baya a tsaye. In atishawa ta taho ko zan ɗaga faranti, in riga ta matsewa. Ta ce mata da yawa da suka haihu suna fama da wannan, kowacce na ɓoyewa tana ɗauka ita kaɗai ce, alhali yawanci yana gyaruwa.

"Ummi ta ce haka kowace uwa take."

"Ki kawo mini Halti, Ummin taki, ita ma. Yawan masu ciwo bai mai da shi lafiya ba."

"Sati shida zai isa?"

"Yawanci wata uku ne. Wasu suna ganin canji kafin nan. Ba zan yi miki alkawarin tsalle bakwai ba, amma in kin zo sau biyu a sati kin yi abin da na ce, za mu gwada."

Ta juya tana wanke hannu. Wayarta na kan ƙaramin teburin da ke kusa da kaina, ta yi haske. Ban yi niyyar dubawa ba. Ƙarya nake, na yi niyya. Sunansa ne, ga saƙon a fili:

"Har yanzu ba ta zo wurinki ba? Don Allah kar ta san na gaya miki."

Na tashi zaune, takardar gadon ta yage a ƙarƙashina.

"Me ya gaya miki?"

Ta juyo, ta ga wayar a hannuna, ta rufe famfo.

"Rihab, me Gassan ya gaya miki a kaina?"

"Ranar da ya dawo da ke daga wurin tela, ya faɗa rami da mota kuka yi dariya. Da kika fita ya ga kujera."

Na tuna ranar. Na tuna na fita da sauri ina jan riga, ina ce wa kaina kujerar baƙa ce, ba zai lura ba. Ashe ya lura. Ya goge da hannunsa, ya zo washegari ya ce mini hasken idona, bai nuna komai ba.

"Ya zo nan ya zauna a kujerar can," in ji ta. "Ya fi minti goma bai iya magana ba. Tambayarsa ta fari ita ce ko yana yi miki ciwo. Ta biyu, ko zai roƙi Tata a bar maganar kifin. Na ce in ya yi haka sai ta tambayi dalili."

Ya kamata in ji daɗi, ko? Namiji ya ga abin da ya gani bai gudu ba. Amma wallahi abin da ya taso mini wuta ce. Sirrin da na ɓoye shekara biyu da rabi, wanda ko ƙawayena ban gaya wa ba, ya ɗauka ya kawo wa Rihab. Kalmar da ya kasa faɗa a gabana, a gabanta bakinsa ya buɗe. Suna ta saƙonni a kan marata, ni ina can ina tsallake silifas.

"Duk likitocin Safakis bai ga kowa ba sai ke?"

"Ni ya sani."

"E, ai na ga alama. Kin ji daɗi ko? Ya zo yana kuka a kafaɗarki."

"Bai taɓa kafaɗata ba." Muryarta ta canza. "Ke kin ɓoye masa, shi ya ɓoye miki, kuka mai da ni akwatin ajiyarku. A cikinku akwai wanda ya tambaye ni ko zan iya ɗauka? Kin san me ake ji a zauna da mutum awa guda yana maganar wata, yana tambayar yadda zai..."

Ta juya tana gyara tawul ɗin da ba abin da ya same shi. Amma na riga na ga idonta, kuma tare aka yaye mu, na san idon Rihab in tana son abu.

"Kina son shi," na ce.

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Alhamis ƙarfe goma. In ba kya so ni in duba ki, zan rubuta miki sunan wata, amma sai bayan sati uku take da wuri."

Sati uku daga cikin shida. Na zauna ina kallon hannayenta, hannayen da suka gano mini abin da na kasa ganowa, na matar da ke son mijin da zan aura.

"Rubuta ni Alhamis," na ce.

Na ajiye wayarta na ɗauko tawa. A gabanta na kira shi, na buɗe muryar wayar yadda za ta ji komai. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Hasken idona."

"Gassan, ina wurin Rihab. Ka zo ka kai ni gida. Ka shimfiɗa tawul a kujera."

Ina jin numfashinsa, ina jin ƙarar babura a bayansa. Sannan ya ce:

"Dursaf, wallahi na so in gaya miki, na rasa ta inda zan fara. Ba abin da ya canza a wurina, kin ji? Ko ɗaya. Sauko, ina ƙasa. Tun ɗazu nake a bakin benen."

Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Na share hawaye, na sa takalmi, na juyo zan yi wa Rihab kallon wadda ta ci nasara. Ta cire farar rigar aiki ta rataye. A ƙarƙashi wata koriyar riga ce sabuwa da ban taɓa gani ba, da 'yan kunnen zinariya, jakarta a kafaɗa, sai ƙamshin turare ke tashi.

Ni ban gaya wa kowa zan zo nan yau ba. Shi da kansa yanzu ya rubuta yana tambayar ko na zo.

To wa yake jira a ƙasa tun ɗazu?